Ranar Da Lilo Ya Tsaya Da Lawali A Sama

Akwai wani ma'aikacin ƙaramar hukuma a Yelwa mai suna Lawali, a shekarun da Yauri take cikin Jihar Sakkwato. Shi ke sa hannu a takardar izinin duk wanda zai kafa rumfa ko wasa a filin gari. Ya taɓa yin kwas na wata shida a Legas, kuma tun da ya dawo ba ya iya jera magana uku bai ce "mu a Legas" ba.

Wata ƙaramar Sallah da ta faɗo a tsakiyar bazara, sai ga wani mutumin Warra, Tanko, ya kawo lilon ƙarfe gari. Ku da kuka saba ganin irinsa a waya, ku tuna lokacin mutanen Yelwa da yawa ba su taɓa gani ba. Wata ƙatuwar ƙafa ce kamar ta keke, tsayinta ya kusa na giginya, da kujeru takwas a rataye. Tsohon injin dizal ke juya ta. Tanko kuwa dā matuƙin kwalekwale mai inji ne a tafki, ya san halin ƙarfe, ya san halin mutane.

Lawali ya ƙudura abu ɗaya a ransa: ɗansa Isa, ɗan wata huɗu, shi zai zama jariri na farko da ya hau lilon nan a duk ƙasar Yauri. Har mai hoto ya ɗauko. Washegarin Sallah da hantsi ya taso matarsa Mairo da goyo, da mahaifiyarsa Inna Dudu, suka nufi fili.

A gindin wani mangwaro, inuwa ɗaya tak da ke filin, wata Bafillatana ce zaune tana sayar da fura. Sunanta Tamada, daga wata ruga ta wajen Shanga, ita ma da jaririyarta Asama'u a baya. Inna Dudu ta tsaya a dama mata. Tamada ta ga ƙafar Isa ta leƙo daga zane, ta miƙa hannu ta ɗan ja yatsansa tana yi masa wasa.

Sai jin ƙara aka yi, Lawali ya buge mata bayan hannu da jaridar da ke hannunsa.

"Ɗauke min hannunki daga jikin yaro!" in ji Lawali. "Kin taso daga cikin kashin shanu za ki shafa mishi cuta?"

Tamada ta dube shi sama da ƙasa. "Hannun nan shi ya dama furar da innarka take sha yanzu. Ba ta mutu ba."

Mutane suka yi dariya, abin da Lawali ya fi ƙi a duniya ke nan.

"Ina takardarki ta zama nan?"

"Inuwar Allah ma sai da takarda?"

"A filin nan, e. Tashi. Ki koma can bayan shinge."

"Lawali, ka ji tsoron Allah, da goyo fa take," in ji Inna Dudu.

Bai ko waiwaya ba. Tamada ta haɗa ƙorenta ta ɗora a ka, ta koma bakin shinge cikin rana tsaka. Kallon da ta yi masa kaɗai ya isa.

Da suka isa gindin lilo sai suka tarar Tanko ya kashe inji yana zuba masa ruwa.

"Ranka ya daɗe, sai bayan la'asar," ya ce. "Tun safe yake aiki, ya yi zafi."

"Mai hoto ba zai jira la'asar ba. Tayar."

Tanko ya hangi goyon Mairo. "Wa da wa za su hau?"

"Ni da iyalina da yarona."

"Wanga jinjiri? Ba ya hawa."

"Mi kac ce?"

"Na ce ba ya hawa. In tana goye da shi, bayan kujera ƙarfe ne, za ta danne shi. In ta rungume shi, da mi za ta riƙe kanta in lilo ya gangaro? Wuyanshi ma bai gama tsayawa ba."

"Mu a Legas..."

"To ka kai shi Legas ya hau."

Nan fa Lawali ya harzuƙa. Ya zagi Tanko, ya kira shi baƙauye mai ƙarnin kifi, ya ce wanda bai san ko harafi ɗaya ba shi zai koya masa riƙon ɗa? Ya zaro takardar izini daga aljihu ya ɗaga ta sama. Ya rantse in ba a tayar da injin nan yanzu ba, kafin magariba sai an kwance lilon an mayar da shi Warra a kwalekwale.

Tanko ya daɗe yana kallon takardar. Kwana bakwai na Sallah su ne cinikinsa na shekara.

"Inji nawa ne," ya ce a ƙarshe. "In ya lalace, ni ya shafa. Zan tayar. Amma yaron nan ko za ka yaga takardar a gabana ba ya hawa."

Mairo ta yi ƙasa da murya. "Malam, ni in zauna da shi, kai ka hau. Lokacin shan nononshi ya kusa."

"Juyi biyar ne. Ba wa Inna shi. Ba zan tsaya a hoto ni kaɗai kamar gwauro ba."

Haka ta kwance goyo ta miƙa wa Inna Dudu, ranta ba ya so.

Juyi na farko lafiya. Na biyu Lawali har yana ɗaga wa jama'a hannu. A na uku, daidai lokacin da kujerarsu ta kai ƙololuwa, aka ji wani ƙara kamar an fasa tulu. Hayaƙi ya turnuƙe. Haƙoran ƙarfen da ke juya ƙafar suka cije da juna, lilo ya tsaya cak.

Waɗanda ke kujerun ƙasa suka diddiro. Na tsakiya aka sauko da su da tsani. Tsanin bai kai na sama ba. Ƙarti goma suka kama ƙafar za su juya ta da hannu, ko motsi ba ta yi ba. Tanko ya hau babur ya nufi bakin ruwa neman makanikin da ke gyaran injinan jirage, ranar kuwa kowa ya tafi yawon Sallah.

Rana ta take. Ƙarfen kujera ya yi zafin da ba a iya dafa shi. A ƙasa Isa ya fara kuka.

Inna Dudu ta jijjiga, ta yi waƙa, ta ɗiga masa ruwa a cokali, ya furzar. Yaron bai san komai ba sai nonon uwarsa. Mairo tana jin kukan daga sama, gaban rigarta ya jiƙe sharkaf, tana kuka tana kiran sunansa.

Awa ɗaya ta wuce. Kukan ya fara dusashewa. Inna Dudu ta shafa kansa ta ji maɗigarsa ta faɗa. Tsohuwa ce, ta binne 'ya'ya biyu, ta san abin da wannan yake nufi.

"A samo igiyar guga da kwando!" Lawali ya ƙwala daga sama. "A sa shi ciki mu jawo shi!"

"Allah ya shirye ka!" Inna Dudu ta mayar masa. "Jikana ne za ka ja kamar tulun rijiya?"

Ta duba hagu ta duba dama. Matan gari masu goyo duk sun gudu gida saboda rana. Mace ɗaya ce ta rage mai shayarwa a filin nan, wadda aka hana inuwa.

Inna Dudu ta taka har bakin shinge, ta durƙusa a gaban yarinyar da ta haifi kamarta.

"Ɗiyata, ki taimake ni."

Tamada ba ta miƙa hannu ba. "Inna, hannuna da cuta. Ki tambayi mai takarda, ga shi can sama."

"Ba shi ya aiko ni ba. Dubi yaron."

Tamada ta duba. Leɓɓansa sun bushe, bakinsa yana buɗewa ba sauti. Fuskarta ta sauya, amma muryarta ba ta yi laushi ba.

"Kin san abin da ke biyo baya. In ya sha, ɗana ne. Asama'u 'yar'uwarshi ce har abada. Ba abin da za a wanke da sabulu ba ne."

"Na sani."

Lawali ya hango abin da ke shirin faruwa. Ya miƙe tsaye har kujera tana lilo. "Inna, kada ki ba ta! Na hana! Wallahi na hana!"

A karo na farko tun aurensu Mairo ta ɗaga masa murya. "Zauna, Lawali! Kai ka hawo da ni nan!" Ta leƙa ƙasa ta ƙwala da iya ƙarfinta: "Baiwar Allah, ki ba shi! Ni uwarshi na roƙe ki!"

Tamada ta karɓi yaron, ta juya wa jama'a baya, ta ja mayafi ta rufe. Can sai Inna Dudu, da ke kusa, ta ji ƙarar haɗiya. Ta zauna daɓas a ƙasa tana hamdala.

Sai wajen la'asar Tanko da makaniki suka kwance haƙoran, aka sauko da su a hankali. Mairo ta ruga ta rungume Tamada da yaron gaba ɗaya. Lawali ya sauko fuska a kumbure, ya nufi Tanko zai fara zagi.

"Da yaron yana hannun matarka can sama cikin ranar nan fa?" Tanko ya tambaye shi, yana goge baƙin mai a hannunsa. Lawali ya juya ya bar wurin.

Duk da haka bai saduda ba. Da yamma ya tafi wajen limamin unguwarsu yana neman mafita, wai ai sau ɗaya kawai yaron ya sha nonon. Liman ya ce masa a karatun da suka gada, ko sau ɗaya ne, in dai ya isa ciki, ya zama ɗa. "Matar nan uwar ɗanka ce. Ka je ka nemi inda take."

Kwana uku yana jinya, fatar goshinsa tana saɓulewa saboda ƙunar rana. A na huɗu Inna Dudu ta tasa shi gaba har rugar su Tamada. Mijinta Giɗaɗo ya shimfiɗa musu tabarma a gefen garke. Lawali ya cire takalmi, ya taka kashin shanun da ya zage ta da shi, ya durƙusa ya ce ta yafe masa. Tamada ta bar shi a durƙushe har ta gama dama fura. Sannan ta miƙa masa ƙwaryar da hannun nan da ya buga.

Ya shanye tas.

Isa ya girma yana da Inna biyu, kuma duk hutun makaranta a ruga yake yinsa. Mai hoto kuwa, da ya gaji da jira a ranar, hoto ɗaya ya ɗauka: Tamada zaune a bakin shinge da jarirai biyu suna barci a cinyarta. Can sama a kusurwa, in ka ƙura ido, za ka ga wani ɗan ƙaramin mutum a kujera, baki buɗe. Mairo ce ta rataye shi a falo, kuma ba ta taɓa yarda an sauke ba.

Darasi: Kada ka kori mutum daga inuwa don yau takarda tana hannunka, ba ka san a hannun wa Allah ya ajiye ran ɗanka ba. Kuma iyaye, in mai kula da abin wasa ya ce jariri ba ya hawa, ba raini ba ne. Hoto zai iya jira, yaro ba zai iya ba. Ku tura wa duk mai shirin kai yara wurin wasa a Sallar nan.