Gwauruwar da Ta Ari Tayoyi

Na rasa motar mijina, ƙaninsa kuma ya rasa ƙafar dama daga gwiwa zuwa ƙasa. Abin da na samu takarda ce guda ɗaya mai hatimi, wadda ta ce motar lafiyarta ƙalau har watan Maris mai zuwa. Tana nan cikin jakar da nake zuwa sujada da ita. Malama Lo'is ta ce tunda ajin manya ne na Sande Sikul, wato makarantar Lahadi ta coci, in rubuta shi kamar misali, kada in sa suna. Karatuna bai yi nisa ba, amma abin da ya same ni na san shi. To ku ji.

Akwai wata gwauruwa a wani gari na kan duwatsu. Mijinta ya mutu ya bar mata 'ya'ya uku da tsohuwar a-kori-kura fara, wadda yake kai wa mutane buhunan citta kasuwa da ita. Ƙanin mijin ne ya ci gaba da tuƙi. Da motar nan gida biyu suke cin abinci, nata da nasa.

Matar nan kuwa an san ta a kasuwa. Ba a taɓa sayar mata da abu a kuɗin farko ba, ko na biyu. Takan taya kashi ɗaya cikin uku, in mai kaya ya ce albarka sai ta gyara ɗaurin zani ta juya ta kama hanya. Kafin ta yi taku goma za a ce, Madam dawo mana. Ba ta taɓa waiwayowa da kanta ba, kuma tana alfahari da wannan ko a cikin zumuntar mata ta coci. Bayan jana'izar mijinta wani ya taya motar miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas. Ta ce masa albarka, ba ta ma ba shi kujera ba.

Ana nan sai takardar lafiyar mota ta kusa ƙarewa, domin kowace shekara sai an kai mota an duba ta kafin a sabunta. Lokacin da mijin yake da rai, yakan yi mako guda a ƙarƙashin motar kafin ranar. Yanzu abin ya faɗo a kanta. Ita da ƙanin mijinta suka kai motar wurin tsohon bakaniken da ya saba da marigayi. Ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashi, ya daɗe, ya fito ya nuna mata yatsansa yana ƙyalli da mai. Ya ce bututun man birki ya tsage yana yoyo, birkin baya kuma ya cinye. Tayoyin gaba sun suɗe har zare ya fito, amma su za su iya jira wata ɗaya. Birki ne ba ya jira. Ya ce dubu arba'in da biyar.

Ta ce sha biyar.

Tsohon ya share hannu da tsumma ya ce, "Madam, ba tumatir nake sayarwa ba. Saboda marigayi, talatin da takwas, kuma ban ci ko sisi a kan kayan ba."

Sai ta gyara ɗaurin zani ta juya. Ta yi taku goma. Ta yi ashirin. Ta kai bakin titi tana kasa kunne, ba ta ji komai ba sai ƙarar guduma a kan wata mota. Ku sani fa, kuɗin suna ƙulle a gefen zaninta a lokacin. Ba rashi ba ne. Komawar ce ta gagare ta.

To a bayan katangar wurin duba motoci akwai wani mutum da yake ba da haya. Duk abin da masu dubawa suke nema yana da shi: tayoyi masu kyau, tukunyar kashe gobara, fitilar baya, madubin gefe. Ka ɗaura ka shiga, ka fito ka kwance ka mayar masa. Wurinsa ta tafi, shi ma sai da ta matse shi ya rage. Ya sa mata tayoyinsa. Bututun nan kuma ya naɗe shi da tsohuwar robar taya, ya dama garin sabulu da ruwa ya cika wurin man birki. Ya ce zai riƙe na yini guda.

Ƙanin mijin ya tsaya yana kallo, bai sa hannu ba. Su biyu suna wasa tun tana amarya, yana ce mata matata, tana ce masa ƙaramin miji. Ran nan bai yi wasa ba. Ya ce, "Maman Damaris, ni zan taka birkin nan fa, ba ke ba."

Kun ga, suna ya fito. Ku bar shi haka.

Ta ce masa ya cika tsoro, yayansa ya tuƙa motar nan shekara goma sha huɗu bai taɓa kuka ba. Ta yi alkawari bayan kasuwa biyu za ta kai a gyara, a wani wurin da suka san darajar mutane.

Suka shiga layi. Mai dubawa ya zagaya motar, ya danna tayoyi da ƙafa, ya sa aka kunna fitilu, aka busa oda, ya ga tukunyar gobara. Ya ce a ja a taka birki. Fili ne shimfiɗaɗɗe, mota kuma ba kaya, sai ta tsaya cak. Ya buga hatimi. Ba na ɗora masa laifi, ya duba abin da aka nuna masa. A bayan katanga suka kwance kome suka mayar. Gwauruwar ta koma gida tana dariya, ta gaya wa maƙwabta yadda ta fitar da takarda da dubu shida.

Kasuwa ɗaya ta wuce lafiya, yana ƙara ruwan sabulu kowace safiya. Ran kasuwa ta biyu ya ɗora buhu ashirin da biyu. A gangaren da yake sauka zuwa gada ya taka birki, ƙafarsa ta tafi har ƙasa ba abin da ya kama. A kan gadar akwai mata da kaya a ka. Sai ya karya sitiyari ya ba motar dutse. Awa biyu ana sarar ƙarfe kafin a fitar da shi.

Da ta je asibiti ta kasa shiga, ta tsaya a bakin ƙofa. Shi ne ya hango ta. Ya ce, "Matata, shigo mana. Mijinki ya ragu, amma yana nan." Bai taɓa maganar birki ba, har yau. Da ya zage ta da ta fi samun sauƙi.

Ma'anar wannan misali ita ce, motar ranmu ce. Ranar dubawa ita ce Lahadi, da ranar cin Jibin Ubangiji, da ranar da fasto ya zo ziyara. Tayoyin aro su ne fuskar da muke ɗaurawa mu shigo da ita nan, da kayan zumunta da aka goge, da amin mai ƙarfi. Litinin da safe mu kwance mu mayar. Takarda ita ce shaidar mutane, cewa wance mutuniyar kirki ce. Tsohon bakanike shi ne duk wanda Ubangiji ya aiko ya nuna maka inda kake yoyo, ka ce maganarsa ta yi tsada. Gangare kuwa yana gaban kowa, kuma ba a saukarsa sai da kaya.

Abin da ban sani ba sai yanzu shi ne, ba kullum mai girman kai ne yake zaune a gaban sitiyari ba. Ni na yi ciniki, Habila ƙanin mijina ya biya. Malama ta ce in rufe da maganar gafara. Na gaskata akwai gafara, na roƙa kuma. Amma kowace safiya ina jin sandarsa tana wuce ƙofata, ƙwas, ƙwas, yana raka 'ya'yansa bakin hanya, kuma ƙafa ba ta tsirowa. Wanda yake da abin gyara a cikinku, ya koma yau da ƙafarsa. Kada ya tsaya jira a kira shi.

Makon jiya mai sayen tsohon ƙarfe ya zo ya duba abin da ya rage na motar. Na nuna masa takardar, ban san dalili ba. Ya ce shi ƙarfe yake aunawa. Ya taya, na ce albarka, na gyara zani na juya. Na yi taku goma, na yi ashirin, na ji ya tada babur ɗinsa. Sai na waiwaya, karo na farko a rayuwata, na koma da sauri ina ce masa Malam tsaya mana. Da ya ga ni ce na dawo, ya zare dubu ashirin daga abin da ya faɗa da farko.

Na sallama masa a dubu ɗari da tamanin.