Dodon Ruwan da Ya Daina Amsa Gaisuwa

"Ku matso, jikokina. Ga ta nan, ga ta nanku."

"Ta zo mu ji ta, Kaka!"

A wata ƙasa can gabas, inda ake noman shinkafa a jikin duwatsu, akwai wani dodon ruwa. Bayansa irin na kunkuru, a tsakar kansa kuma akwai rami kamar ɗan akushi, cike da ruwa. Ruwan nan shi ne ransa. Ga shi da ladabi: in ka rusuna masa, sai ya rusuna maka, ruwan ya zube. Shi ya sa mutanen garin ba sa gaishe shi sai da ludayi a hannu. Yana amsawa, su cika masa ramin da ruwa.

Aminiyarsa wata tsohuwa ce, Sumiye. Ba ta da kowa a duniya, gaisuwar safen nan ita ce hirarta ta yini guda.

Ran nan yawon fatauci ya kai Gizo garin. Ya ga tarin kifi a kogin da dodo ke tsaro, yawunsa ya tsinke. Ya je hannu rabbana, ya rusuna.

"Ranka ya daɗe, ina kwana?"

Dodo ya rusuna. "Lafiya lau, baƙo." Ruwa ya zube.

"Ina gajiya?"

Dodo ya sake rusunawa. "Ba gajiya. Baƙo, ina ludayinka?"

"Yana tafe, ranka ya daɗe. Yaya iyali?"

Nan dodo ya gane abin da ake yi masa. Amma bai taɓa barin gaisuwa ta faɗi ƙasa ba. Ya rusuna na uku, ya kife. Gizo, ɗan banza, ya cika jaka da kifi ya yi gaba.

Sumiye ta tarar da shi ya bushe kamar ƙanzo. Ta yi ta ɗibar ruwa tana zuba masa, tana kuka, har ya buɗe ido.

Washegari ta zo da ludayinta, ta rusuna. Dodo ya tsaya ƙiƙam.

"Ni ce fa, Sumiye."

"Na san ke ce, Inna. Wuyan ne ya ƙi lanƙwasuwa."

Ta yi ta zuwa kullum har ƙarshen ranta, bai ƙara amsa mata ba. Wurin nan ne yake ba ni tausayi, jikokina.

Ku ji da kyau: wanda ya mayar da kirkin mutum tarko, ba kifi kaɗai ya sata ba. Ya sace rabon duk mai zuwa a bayansa.

Ƙungurus kan kusu, tawa ta ƙare a nan.