A Kai Buhunan Dawa

An taɓa yin wani Ɗawisu, manajan kamfanin hatsi na Hajiya Giwa. Tsuntsu ne mai ji da kansa, kuma babu abin da ya tsana kamar a yi masa tambaya. A ƙarƙashinsa akwai Zabuwa mai kula da sito, sarkin surutu, da Jaki shugaban 'yan dako, wanda in ya kafe ko Giwa sai ta yi da gaske.

Wata rana Giwa ta ce a tura dawar da ke sito gidan niƙa kafin ranar kasuwa. Ta ƙara da cewa in aka sake yin kuskure, manaja ya nemi wani aikin.

Ɗawisu ya baza wutsiya, ya ɗauki biro. Ya cika takarda da gaisuwa da kirarin kansa, har wuri ya kusa ƙarewa. Can ƙasa ya maƙala saƙon: "A kai buhunan dawa."

To, da baki ba a rikita dawa ta tuwo da dawa inda kuraye suke. A takarda kuwa kamarsu ɗaya.

Jaki ya karanta, ya ce, "Magana ta fito. A kwashe buhuna a kai su dawa."

"Wace dawa?" in ji Zabuwa. "Buhunan dawa ake nufi, Malam Jaki, dawar da kake ci."

"To a kai su ina?"

Zabuwa ta juya takardar gaba da baya, ba ta ga wurin ba. Suka yi ta musu, ita tana ƙeƙe-ƙeƙe, shi yana buga ƙafa. Da suka gaji suka nufi ofis.

"Yallaɓai," in ji Zabuwa, "wannan takarda, shin..."

"Da Hausa na rubuta ko da wani yare?" Ɗawisu ko ɗago kai bai yi ba. "Ni ba na maimaita magana. A yi abin da takarda ta ce."

"Kin ji ko?" Jaki ya ce. Ya tara 'yan dako, suka yi wa sito ƙarƙaf. Dawa, gero, har da riɗin da Ɗawisu ya ɓoye wa kansa a lungu, duk suka jibge a gindin wata kuka a tsakiyar daji. Birai da kurege sun ga abin da ba su taɓa gani ba, suka yi ta yi wa manaja addu'a da cikakken baki.

Ranar kasuwa Giwa ta zo, ta tarar da sito fayau, gidan niƙa kuma ko buhu ɗaya bai je ba. Ranta ya ɓaci ƙwarai. Ta karɓi takardar, ta sha fama da kirari kafin ta iso ga saƙon.

"Ranki ya daɗe, jahilcinsu ne," in ji Ɗawisu. "Ai maganar a fili take."

Giwa ta jawo wata takarda. Ta ari bironsa, ta yi rubutu, ta miƙa masa. Ya duba ya ga: "A kai Ɗawisu dawa."

Wutsiyar ta faɗi. Ya karanta, ya sake karantawa, sannan ya ce da ƙaramar murya, "Hajiya, a kai mini dawa, ko a kai ni dawa?"

"Ashe tambaya ba ta kisa," in ji Giwa. "Kai za a kai. Ka tsince abin da birai suka rage, ƙwaya-ƙwaya, ka dawo da shi sito. Akwai inda ba ka gane ba?"

Babu. Jaki ya matso, ya gyara masa baya, ya ce, "Hau, yallaɓai. Na san hanya."

Darasin wannan labari shi ne, in za ka rubuta wa abokan aiki saƙo, faɗi abin da za a yi, da wanda zai yi, da inda za a kai. Kirari ba ya cikin aiki. In kuma an dawo maka da tambaya, amsa ta, don abin da ke cikin kanka bai bi takarda ya je ba.