Ranar da Sarki Ya Zauna a Tsakiyar Hanya

An ce wani sarki aka yi a wani birni mai ganuwa, wanda Allah ya ba shi yalwar ƙasa, ya kuma ba shi yalwar jiki, har ya zama ba dokin da ke iya ɗaukarsa, sai ƙarti ke tallabe shi a kan karaga duk inda za shi. Wata rana Sarkin Wanzamai ya faɗi gabansa ya ce, "Ranka ya daɗe, gari ba lafiya. Samari na haki kamar tsofaffi, tsofaffi kuwa ƙafafunsu sun kumbura. Zama ya kwantar da jinin mutanenka."

Sarki ya dubi Waziri ya ce, "Ina dabara?"

Waziri ya ce, "Ya sarki, ai lalaci ne kawai. A yi doka: kowace safiya kowa ya kewaye ganuwa da gudu. Wanda ya zauna a hanya, bulala. Wanda ya ƙi fita, kurkuku."

Aka yi shela. Aka naɗa Barmo, surukin Waziri, Sarkin Gudu, ya riƙa duba masu gudu yana bisa jaki, ana riƙe masa laima. Attajirai suka ɗauki hayar masu yi musu gudun. Masu sayar da ruwa suka samu sabuwar kasuwa, ana saye ana yayyafawa a goshi don dogarai su zaci gumi ne. Kurkuku kuwa ya cika har ba wurin miƙe ƙafa, da mutanen da aka tsare don a koya musu motsi.

A birnin akwai wani tsohon malami, Malam Jatau, wanda rabin garin a zaurensa suka yi karatu. Shi ya ƙi fita ko sau ɗaya. Aka kama shi, aka gurfanar da shi a fada.

Sarki ya ce, "Kai malam, dokata ka raina?"

Ya ce, "Ya sarki, ban raina ta ba. Lafiya ake nema da ita, ni kuwa ina jira in ga wanda ta warkar."

Sarki ya ce, "To wa ya fi kowa lafiya a garin nan?"

"Masu ɗaukarka, ya sarki."

"Wa ya fi kowa ciwo?"

"Wanda suke ɗauka."

Fadawa suka sunkuyar da kai. Waziri ya ce a tuɓe tsohon a yi masa bulala nan take. Malam Jatau ya ce, "Bayana ba zai jure ba, na sani. Amma kafin a kashe ni, ina roƙon a nuna mini hanyar da aka ce in bi, don na neme ta ban gan ta ba."

Sarki ya fusata ya ce, "Ni da ƙafata zan nuna maka!" Ya sauka daga karaga, ya nufi gindin ganuwa, jama'a na biye.

Ba su yi nisa ba sai ga katanga ta tare hanya. Sarki ya ce, "Ta wa ce?" Malam ya ce, "Lambun Waziri ne." Suka ratse ta wani lungu, kwata a dama, juji a hagu, sarki na tattare riga yana toshe hanci. Suka ɓulla wani wuri cike da rumbuna.

Malam ya ce, "Nan ne dandalin da kakanka ya yi kokawa. Nan yara ke langa, 'yan mata ke gaɗa. Yanzu hatsin Galadima ne ke hutawa a ciki."

"Wa ya ba shi?"

"Kai, ya sarki, a shekarar da ya kawo maka raƙuma."

Rana ta yi zafi. Sarki ya nemi inuwa, babu, don tsamiyoyin bakin hanya duk an sare an yi wa fada ƙofofi. Ƙirjinsa ya riƙa bugawa. Ya zube ya zauna a tsakiyar hanya, yana haki.

Dogarin da ke riƙe da bulala ya dubi sarki, ya dubi bulalar.

Malam Jatau ya durƙusa ya ce, "Ya sarki, doka ta ce wanda ya zauna a hanya, ba ta ce talakan da ya zauna ba. In za a tuɓe maka riga, ga dogari. In kuwa ka yafe wa kanka, akwai waɗanda suka riga ka gajiya, suna kurkuku."

Da numfashin sarki ya dawo, ya ce, "Malam, me zan yi?"

Ya ce, "Mutanenka ba su daina motsi ba sai da aka ƙwace inda suke motsawa. Mayar musu da filinsu, ka ga ko za ka iya hana su tsalle."

Nan take sarki ya sa aka buɗe kurkuku, aka soke doka. Ya umarci a kwashe rumbuna, a share juji, a dasa itatuwa, a rushe katangar lambu, Waziri kuma ya kwashe tubalan da kansa. An ce Waziri bai taɓa samun lafiya irin ta wannan shekara ba. Kafin damina ta faɗi, kalangu ya dawo dandali, har iyaye na ƙorafin yara ba sa zama gida.

Da aka tambayi sarki abin da ya koya, sai ya ce, "Dokar da mai yin ta ba zai iya ɗauka ba, zalunci ce da aka naɗa wa rawani."