Yadda Kwaɗo Ya Fito a Gugan Gizo

Ga ta nan, ga ta nanku, ku buɗe kunne.

Ta zo mu ji ta!

Wani gari ne na namun daji a bakin fadama, rijiyarsu ɗaya tal. Kwaɗo yana zaune kusa da ita, a wani kududdufi da ruwa ke tsattsafowa daga ƙasa, shi da 'ya'yansa arba'in. Wata shekara rani ya yi tsawo. Ruwan rijiya ya yi ta ja da baya, kududdufi ya koma kamar faifai. 'Ya'yan kuwa ba su yi ƙafa ba tukuna. In ya ƙafe, sun mutu.

Zaki ya sa aka yi shelar taron ruwa. Kwaɗo ya yi tsalle ya tafi, ya iske Gizo ya tare ƙofar zaure.

"Ina zuwa, mai ƙaton baki?"

"Taron ruwa."

"Na manya ne. Giwa, Ɓauna, Raƙumi. Kai me ka sani game da ruwa?"

"A cikinsa aka haife ni."

"To koma can."

Manya suka ce a ƙara wa rijiya zurfi gaba uku. Aka ƙara. Ruwa ya kwana biyu ya gudu. Aka sake taro, Gizo ya sake korar Kwaɗo, aka ce a ƙara wa guga igiya. Guga ya dawo da laka. A taro na uku ma aka kore shi, aka ce ƙananan dabbobi su riƙa shan rabin ƙoƙo.

Ran Kwaɗo ya ɓaci. Ya tafi suri wajen Gara, don ramukanta har ruwan ƙasa suke kaiwa.

"Iya, ina ruwanmu yake tafiya?"

"Gabas, bayan dutse. Wata uku ke nan ina jin ana jansa."

"Kika yi shiru?"

"Wa ya tambaye ni?"

Kwaɗo ya faɗa rijiya, tsundum! Ya kutsa cikin yashi yana bin ruwa. Ya yi ta tafiya, ya yi ta tafiya, sai ga haske a sama. Ya hau ya leƙa. Kai! Lambu ne kore shar, albasa har ba iyaka, rijiyoyi uku, ga Gizo da guga a kowace ƙafa yana ta kwarara ruwa yana waƙa.

Kwaɗo ya nutse ya koma. Da aka yi taro na huɗu bai tsaya a ƙofa ba. Ya bi tsakanin ƙafafun Giwa, ya dira gaban Zaki.

"Ranka ya daɗe, ruwanmu yana lambun Gizo!"

Gizo ya yi dariya har da riƙe ciki. "Lambu dai ina da shi. Amma a gonata na haƙa, da ƙarfina. Ruwana daban, naku daban."

Giwa ta kaɗa kunne. "Gaskiya ne. Tsakani akwai dutse guda."

Kwaɗo ya ce, "To Giwa ta tsaya ta ga shigata rijiyar gari. Sarki ya je lambu ya ja guga da hannunsa."

Gari ya ɗunguma bayan dutse. Zaki ya jefa guga a rijiyar farko, ya ja, ruwa. A ta biyu, ruwa. Gizo ya fara taka rawa. A ta uku ya ja, ya ja, sai ga kan Kwaɗo ya ɓullo a gugan.

"Salamu alaikum, ranka ya daɗe!"

Wuri ya kaure da ihu! Biri ya faɗo daga bishiya don dariya. Gizo ya zabura zai gudu, Ɓauna ta take masa ƙafa ɗaya.

"A murƙushe shi!" in ji Raƙumi.

Kwaɗo ya ce, "Murƙushe shi ba zai cika rijiya ba. A kira kowa, har wanda ba a gani sai an duƙa."

Nan take aka zauna. Gara ta nuna inda ruwan sama ke shiga ƙasa, ta ce a daina sare itatuwan wurin. Kurege ya ce a haƙa kwari-kwari a gangare, don ruwan damina ya tsaya ya nutse. Akuya, wadda kullum ita ke ɗebowa, ta ce a ƙulla jan tsumma a igiyar guga. Ranar da tsumman ya shige bakin rijiya guga bai taɓa ruwa ba, lambu ya dakata.

"Albasata fa?" in ji Gizo.

Zaki ya ce, "An bar maka rijiya ɗaya. Kwarin kuma kai za ka haƙa, tunda ƙafarka takwas."

Aka cike rijiyoyi biyu na lambu da ƙasa. Kwaɗo ya ruga gida, ya iske 'ya'yansa sun cure a ɗan danshi, suna haki. Ya kwanta a kansu yana tare musu rana. Kwana ɗaya, shiru. Kwana biyu, shiru. A na uku ya ji sanyi a cikinsa. Ruwa ne ke tsattsafowa! Kafin sati biyu duk arba'in ɗin sun yi ƙafa, suka cika fadama da kuka har Zaki ya aiko a rage.

Ku riƙe wannan. Ruwan ƙasa ɗaya ne, ko rijiya ta kai ɗari. In za a yi shawararsa, a fara da waɗanda ke zaune a bakinsa, komai ƙanƙantarsu.

Ƙungurus kan kusu, ta ƙare ke nan.