Bethan da Tsohon da Ke Neman Gidan Burodi

Akwai wata yarinya mai suna Bethan, 'yar makiyayan tumaki, da ta samu gurbin karatu a birnin York na Ingila. Ranar Juma'a ta sauka daga jirgin ƙasa. An ce ta karɓi makullin ɗakinta kafin ƙarfe biyar, in ta makara sai Litinin.

Ta shiga tsohon gari tana jan akwati. Lunguna duk kama ɗaya, sau uku tana ɓullowa gaban babban coci. Mai sayar da alewa ya ce ta bi dama, wata mata ta ce hagu. Kanta ya ɗaure, ga cajin waya saura ƙiris.

Nan ta ga wani tsoho da silifas, yana tura ƙofar shagon tsaraba.

"'Yata, sun canza ƙofar," ya ce. "Gidan burodin matata Doreen ne nan. Tana jirana."

"Baba, ni kaina ban san inda nake ba."

"To, mun zama mu biyu!" Ya yi dariya.

Mai shagon ya raɗa mata cewa gidan burodin ya shekara ashirin da rufewa.

Agogon coci ya buga huɗu da rabi. Bethan ta lura da lambar waya ɗinke a wuyan rigar tsohon. In ta kira, ba sauran cajin duba taswira. Duk da haka ta kira. Tana faɗin inda suke, wayar ta mutu.

Ta zaunar da shi a kan akwatinta, ta riƙe hannunsa. Biyar ta buga, hawaye suka zubo mata.

Can sai ga 'yarsa Gillian da gudu.

"Baba! Tun safe muke nemanka, har bakin kogi mun duba!"

Da ta ji abin da Bethan ta rasa, sai ta ɗauki akwatin.

"Ke da kwanan titi a garinmu? Wuce mu tafi gida."

Kwana uku ta yi a wurinsu. Daga nan har ta gama karatu, duk Lahadi da kujerarta a teburinsu.

Darasi: Ko kana cikin taka damuwar, duba wanda ya fi ka buƙatar taimako. Alherin da ka yi a lokacin da ba ka da sarari ba ya ɓacewa. Ku tura wa wasu su ma su karanta.