Hayaƙi a Tagar Inna

Idan uwa ta kau da kai daga ɗanta na fari a kan gadon mutuwa, kunya ce ko fushi? An yi mini wannan tambaya, ya 'yan uwa, kuma har yau ban sami amsarta ba.

An yi wani mutum a Unguwar Sarki, tsohon ma'aikacin gwamnati. Ba ya shan giya, ba ya caca, sahun farko yake sallah. Abin da ya mallaki zuciyarsa tsofaffin motoci ne. Yana da biyar: Fijo biyu, Marsandi, Bitil, da wata Landiroba da ya tsinto a kango ya tayar da ita. Yakan yini a kasuwar Panteka neman murfin fitila guda ɗaya. Wannan ba haramun ba ne.

Tsohuwar mota idan ta zauna sai ta mutu. Don haka kullum da safe yakan tayar da su ɗaya bayan ɗaya, kowace ta ɗumama minti goma sha biyar. Rumfar da ya gina musu tana jikin ɗakin mahaifiyarsa, bututun hayaƙin motocin na fuskantar tagarta. Tsohuwa kuma tana da ciwon ƙirji.

Shi ne ɗanta na fari. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta haɗa ido da shi, ba ta kai masa ƙorafi. Idan hayaƙi ya shigo sai ta rufe hanci da mayafi ta yi ta tari.

Ƙanwarsa Harira ta zo daga Rigachikun, ta kwana biyu, ta gani.

"Yaya, ka fitar da motocin nan waje. Inna ba ta numfashi."

"Waje ina? Rana ta ci fenti, ruwa ya kawo tsatsa? Da ya dame ta ai da ta faɗa."

"Kai za ta faɗa wa? Yaushe ta fara?"

Ya ci gaba da goge gilashi. Ya san gaskiya ta faɗa. Nan zunubin yake, ya 'yan uwa. Ya san bakin mahaifiyarsa a rufe yake a kansa, sai ya mayar da kawaicinta izini.

Damina ta shigo, tari ya koma shaƙewa. Aka kai ta asibiti aka sa mata na'urar numfashi. Likita ya tambaya ko da itace take girki. Harira ta dubi yayanta.

Rana ta huɗu ya durƙusa a gefen gadon, mutum mai furfura, yana kuka. Ya ce, "Inna, ki yafe mini." Ta juyar da fuskarta wajen bango, kamar yadda ta saba yi tun yana yaro. Kafin la'asar ta cika.

Tun daga nan bai sake samun natsuwa ba. Ya rame, ya daina cin abinci sai an matsa masa. Yana bin malamai ɗaya ɗaya yana tambaya, kowa ya ce ya yi mata addu'a da sadaka. Sai ya ce ya sani, amma ta yafe? Wa zai ba shi wannan labari?

Ku duba gidajenku. Wanda ba ya iya ƙorafi a gabanku, shi ne haƙƙinsa ya fi nauyi a wuyanku. Shirun iyaye ba yarda ba ne, kuma ranar da za ku nemi jin bakinsu tana iya zuwa bayan an rufe shi.

Ranar da aka cika kwana arba'in ana ruwan sama, maƙwabta suka gan shi ya buɗe ƙofar gida. Bai tayar da inji ko ɗaya ba. Ya cire wa motocin giya, ya dafa da ƙirjinsa, ya tura su waje ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar akwai mai barci a ɗakin. Aka zo taya shi ya ƙi. Ya bar su nan cikin taɓo, gilasansu a buɗe.

Allah ka tsare mu da cutar da wanda ba zai iya gaya mana ba. Amin.